Ku Sake Sanya Kiɗan Mai Jitar Nan Daga Farko Har Ƙarshe

Zuwa ga Editan Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Na rubuto ne a kan abin da mai gabatar da shirinku na rediyo na daren Asabar ya yi wa matashin nan mai jitar lantarki, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Ku kuka gayyato shi, ya ɗauko kayansa ya zo a cikin sanyin nan na Jos, amma ko sauti na uku bai kai ga ɗorawa ba aka fara surutu a kansa, aka yi dariya, sannan aka rage shi aka sa talla. Abin da ya fi ci mini rai shi ne cewar da mai gabatarwar ya yi wai na'ura ce take yin kiɗan, shi kuwa danna maɓalli kawai yake yi.

Wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ina faɗar haka ne a matsayina na wanda ya daɗe yana gyaran amfilifaya da kayan sauti a Dilimi. Na'urar maimaita sautin da kuka ji, wadda makaɗa suke kira lufa, fanko take zuwa, ba ta mayar wa mutum sai abin da hannunsa ya ba ta. Makaɗi zai taka feda da ƙafa, ya kaɗa ɗan gajeren salo, ya sake takawa daidai inda salon ya ƙare, daga nan abin da ya kaɗa zai riƙa zagayowa, shi kuma yana ɗora wani a kansa, ya sake ɗora wani. Idan ƙafarsa ta makara ko da ƙiftawar ido ce, wannan ɗingishin zai riƙa dawowa a kowane zagaye a kunnen kowa, kuma duk abin da ya gina a kai zai karkace. Akwai dattijon da ya yi shekaru yana kaɗa jita a coci da wuraren biki, wanda ya gwada ta a shagona har gumi ya karyo masa, ya ajiye jitar ya ce hannunsa ya iya amma ƙafarsa ba ta yi karatu ba.

Matashin naku kuma ba haddatacciyar waƙa ya zo da ita ba, nan take yake ƙirƙira, shi kansa bai san inda kiɗan zai kai shi ba sai ya ji abin da ya dawo masa. Wancan dogon sautin da aka ce kamar rediyo ce ta lalace, da gangan ya yi shi: yakan rufe muryar jitar kafin ya taɓa tsirkiya, sannan ya buɗe ta a hankali da ɗan ƙaramin yatsansa, sai bugun ya ɓace, sautin ya taso kamar na goge. Irin wannan kiɗa sai an ba shi lokaci yake cika, domin mintunan farko tubali ake jerawa, ku kuwa a nan kuka yanke shi.

Da an yi ɗan bincike kafin shirin, da an san cewa abin ba wasan yara ba ne. Tun a 1963 Terry Riley, makaɗi ɗan Amurka, yake haɗa rikoda biyu da zaren tef guda, ta farko tana ɗauka, ta biyu tana mayar da sautin bayan 'yan daƙiƙu. A 1973 Robert Fripp da Brian Eno na Ingila suka fitar da faifai da wannan dabara a kan jitar lantarki, kuma fedar da ake takawa yau ita ce ta gaji waɗancan manyan rikodojin. Ballantana ma mu mutanen Jos bai kamata a koya mana darajar makaɗi shi kaɗai ba, tunda marigayi Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zagaya duniya, babu 'yan amshi, babu makaɗa a bayansa.

Ban ce dole kowa ya so wannan kiɗa ba, a gidana ma akwai waɗanda ba su da haƙurinsa. Amma baƙo ne kuka kira, kuma ba a kiran mutum a kunyata shi a gaban gari. Ina roƙonku ku sake gayyato shi, ku ba shi minti 15 ba tare da an sa baki ba, mai gabatarwa kuma ya ba shi haƙuri a kan iska kamar yadda ya yi masa dariya a kan iska.

Sannan ku duba ƙarar tallace-tallacenku na maganin gargajiya, domin tana ninka ta shirin, har sai mutum ya tashi da sauri ya rage rediyo kada yara su farka.

Naku mai sauraro,
Dilimi, Jos