Likita, ko a ɗinke wa ɗana leɓe tun yana ciki?

Assalamu alaikum Likita,

Ina ɗauke da cikin mako 21. A sikanin da aka yi mini satin da ya wuce aka ga leɓen sama na yaron a tsage ta hagu. An ce sauran jikinsa lafiya lau, a bari ya kai wata 3 zuwa 6 da haihuwa a yi masa tiyata. Na gode wa Allah, amma tun ranar barci ya ƙaurace mini, saboda tunanin tabon da ɗinkin zai bari.

Ni fatata ba ta mance rauni. Inda aka yanka ni a haihuwar fari, tabon ya taso ya yi tudu har ya wuce iyakar ɗinkin, kuma da na yi gumi sai ƙaiƙayi. Nawa tufafi ya rufe shi. Na fuskar yaro me zai rufe shi?

Damuwar ce ta sa na duƙufa karatu. Na ga cewa idan fatar tayi ta ji rauni kafin wajen mako 24, takan warke sumul, har gashi ya sake tsirowa a wurin. Wasu sinadarai ne a jiki ke ba ƙwayoyin fata umarnin yadda za su gyara rauni. A jikin babba, sinadaran da ake kira TGF-beta 1 da 2 ne ke yawa, sai wurin ya kumbura, a jera zaren kwalajin, wato zaren da ke riƙe fata, cikin gaggawa duk ya fuskanci gefe ɗaya, shi ne tabo. A jikin tayi kuwa TGF-beta 3 ke rinjaye, kumburi kaɗan ne, zaren yakan saƙu kamar na lafiyayyar fata. Da na ɗauka ruwan mahaifa ne sirrin, sai na ga an taɓa dasa fatar babbar tunkiya a jikin tayin tunkiya, aka yi mata rauni, ta yi tabo duk da tana cikin ruwan.

Ke nan mako 3 ya rage mini, kullum ina ƙirgawa.

Na san ana yi wa jariran da ƙashin bayansu bai rufe ba tiyata a ciki kafin mako 26, kuma tana iya jawo haihuwar bakwaini. Maigidana ya ce ba zai yarda a taɓa mahaifa don leɓe ba. Zuciyata ta san yana da gaskiya, amma ta ƙi kwanciya. Maganin rage tabo da aka haɗa da TGF-beta 3, wanda na sa wa rai ma, ashe ya faɗi babban gwajinsa a 2011.

Likita, ki faɗa mini gaskiya ko da ɗaci: akwai likitan da zai amince da irin wannan aiki a ciki, ko in cire rai? Shin yaro yana gadon irin fatata? Idan sai bayan haihuwa, me zan roƙi mai tiyatar ya kula da shi, kuma me zan riƙa yi wa wurin a gida don kada ya taso?

Taki,
Uwa mai jiran amsa