Amsa ga Malam: su wane ne ke tare wa dimokuraɗiyyar Amurka faɗa?

Assalamu alaikum, Malam. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

A shirin rediyon da aka gayyace ni makon jiya ka bugo waya ka jefo mini tambaya, lokaci kuma bai bari na amsa yadda ya kamata ba. Ka ce Donald Trump, mutumin da magoya bayansa suka fasa ginin majalisar Amurka, ya dawo mulki, har ya yi musu afuwa. To adawar da ake ta yi masa, da zanga-zangar, da zaryar kotu, me suka tsinana? Ka ƙara da cewa mu da ke zaune a can mu daina ruɗin kanmu, dimokuraɗiyyar Amurka suna kawai ya rage.

Rabin maganarka gaskiya ce, kuma tana ci mini rai. Ranar 20 ga Janairu 2025 Donald Trump ya yi afuwa ga mutum kusan 1,500 da aka tuhuma kan harin 6 ga Janairu 2021, harin da 'yan sanda kusan 140 suka ji rauni a cikinsa. Ba ni da uzurin da zan kawo wa wannan. Amma ina roƙon a raba abu biyu. A 2020 Trump ya faɗi zaɓe, ya nemi zama da ƙarfin tsiya, aka hana shi. A 2024 kuwa cin zaɓe ya yi, da ƙuri'un wakilan jihohi 312, abokiyar takararsa tana da 226, kuma Kamala Harris ɗin da ya kayar ita ce ta jagoranci zaman majalisar da ya tabbatar masa da nasara. Adawa ba ta yi wa kowa alkawarin cin zaɓe ba. Aikinta shi ne ta tabbata ƙuri'a ce ke ɗora mutum, ƙuri'a ce kuma ke sauke shi.

Bari in fara da Jojiya, jihar da nake zaune. Amurka ba ta da hukumar zaɓe guda ɗaya ta ƙasa irin tamu. Kowace jiha da dokarta, ainihin aikin kuma a hannun gundumomi yake. Jojiya kaɗai tana da 159. A 2020 Joe Biden ya ci jihar da ratar ƙuri'a 11,779 cikin kusan miliyan biyar. Sau uku aka ƙirga, ɗaya daga ciki da hannu, takarda bayan takarda. Ranar 2 ga Janairu 2021 shugaban ƙasa da kansa ya kira Brad Raffensperger, sakataren jihar mai kula da zaɓe, ya riƙe shi a waya kusan awa guda yana cewa a nemo masa ƙuri'a 11,780. Raffensperger ɗan Rifablikan ne, jam'iyyar Trump, kuma da bakinsa ya ce Trump ya zaɓa. Ya amsa masa cikin ladabi cewa alƙaluman da ke hannunsa ba daidai ba ne. Bai ɗaga murya ba, bai kuma motsa daga inda ya tsaya ba, alhali ana ta aika wa matarsa saƙonnin barazana.

Haka aka yi a Michigan, inda wani matashin lauya ɗan Rifablikan, Aaron Van Langevelde, ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da sakamako a kwamitin mutum huɗu, ya ce doka ba ta ba shi ikon yin wani abu daban ba. Haka a Arizona, inda kakakin majalisar jiha, Rusty Bowers, ya ƙi sauya wakilan jihar masu zaɓen shugaban ƙasa. Ƙararraki fiye da 60 suka faɗi a kotuna, wasu a gaban alƙalan da Trump ɗin ya naɗa. Mataimakinsa Mike Pence ya ƙi watsi da sakamakon jihohi, majalisa ta koma zama a daren da aka fasa ta, ta gama aikinta kafin asuba.

Ka lura, Malam, yawancin waɗannan ba 'yan jam'iyyar adawa ba ne. 'Yan gida ne da suka ce a'a. Kuma sun ɗanɗana kuɗarsu: jam'iyya ba ta sake tsayar da Van Langevelde a kujerarsa ba, Bowers ya faɗi zaɓen fid da gwani a 2022, Liz Cheney ma, 'yar Rifablikan a Majalisar Wakilai da ta kaɗa ƙuri'ar tsige Trump, ta rasa kujerarta ta Wyoming a shekarar. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, fiye da afuwar, domin duk wani ƙaramin jami'i ya ga abin da ke samun mai tsayawa kan gaskiya. Raffensperger ne ya tsira, shi ma don talakawan jihar sun fito a zaɓen fid da gwani na Mayu 2022 sun mara masa baya a kan ɗan takarar da Trump ya ɗaga wa hannu. Jami'i yana iya yin jarumtar rana ɗaya. Idan masu ƙuri'a ba su tsaya masa ba, wanda zai gaje shi ba zai maimaita ba.

Akwai wasu mata biyu da nake so ka san labarinsu. Ruby Freeman da 'yarta Shaye Moss sun yi aikin malaman zaɓe a 2020 a gundumar Fulton, cikin Atlanta. Lauyan Trump, Rudy Giuliani, ya yaɗa cewa bidiyo ya nuna su suna miƙa wa juna ɗan abin ajiyar bayanan kwamfuta don yin maguɗi. Da Shaye ta zo ba da shaida gaban kwamitin majalisa a Yuni 2022 aka tambaye ta me mahaifiyarta ta miƙa mata, ta ce alewar citta ce. A kan alewa aka yi ta yi musu barazanar kisa, har uwar ta bar gidanta bisa shawarar hukumar FBI. Ba su yi shiru ba, suka shigar da ƙara, a Disamba 2023 kotu ta yanke a biya su dala miliyan 148. Irinsu ne ke riƙe da rumfunan zaɓe a nan: tsofaffin malaman makaranta, matan coci, ma'aikatan da suka yi ritaya, suna zaune tun da duku-duku a zauren wasanni na makaranta da rajista a gabansu, kuɗin da ake ba su bai taka kara ya karya ba.

Game da cewa suna kawai ya rage, sai in ce ai ko sunan ma bai daɗe da cika ba. Kafin 1965 baƙar fata a kudancin Amurka yana da 'yancin zaɓe a takarda kawai. A Mississippi waɗanda ke da rajista cikinsu ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba a 1964, shekarar da aka kashe matasa uku masu yi wa mutane rajista. Ranar 7 ga Maris 1965 mutum kusan 600 suka hau gadar Edmund Pettus a Selma, jihar Alabama, 'yan sanda suka far musu da kulake da hayaƙi mai sa hawaye, suka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin tattakin, kai. Ranar 6 ga Agusta shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar 'yancin zaɓe, zuwa 1967 rajistar baƙar fata a Mississippi ta doshi kashi 60. Ba gadar kaɗai ta kawo wannan ba. Shekaru aka yi ana bin gida-gida ana koya wa manoma cike takardar rajista. Kuma abin da aka samu ba ya tsare kansa: a 2013 Kotun Ƙoli ta rushe sashen dokar da ke fayyace jihohin da sai sun nemi izinin tarayya kafin su sauya dokokin zaɓe.

Stacey Abrams, 'yar jam'iyyar Dimokurat, ta ɗauki wannan darasi. Ta faɗi takarar gwamnan Jojiya a 2018 da ratar ƙuri'a kusan 55,000, ta koma ita da ƙungiyoyi da dama suna rajistar sababbin masu zaɓe, unguwa bayan unguwa. Ranar 5 ga Janairu 2021 jihar ta tura 'yan Dimokurat biyu Majalisar Dattawa, Raphael Warnock da Jon Ossoff. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Zanga-zanga kuwa ina ganin amfaninta, amma da sharaɗi. Taron ƙin sarauta, wato zanga-zangar adawa da Trump mai taken "No Kings", da aka yi a birane da ƙauyuka ranar 14 ga Yuni da 18 ga Oktoba 2025 ya nuna wa mai jin tsoro cewa ba shi kaɗai ba ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma idan an naɗe kwalaye an koma gida babu wanda ya yi rajista, babu wanda ya nemi kujerar hukumar zaɓen gunduma, an yi gumin banza. Na fi tuna lauyoyin da suka zauna dirshan a ƙasan filayen jirgin sama a Janairu 2017 suna rubuta ƙararraki, lokacin da Trump ya hana 'yan ƙasashe bakwai shiga Amurka, har da Sudan. Cikin kwanaki kotuna suka dakatar da umarnin. Daga baya gwamnati ta sake masa fasali, Chadi ta shiga jerin na ɗan lokaci, Kotun Ƙoli ta amince da shi a 2018 da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu, a 2020 takunkumin ya taɓa Najeriya. Ka ga ba kullum ake nasara ba, amma akwai iyalan da suka haɗu da 'yan'uwansu albarkacin waɗancan kwanakin.

Ba kuma zan wanke 'yan adawa ba. A 2022 kwamitin yaƙin zaɓen Dimokurat ya kashe kuɗi a Michigan yana tallata ɗan takara mai musanta sakamakon 2020, don ya kayar da Peter Meijer a zaɓen fid da gwani, bisa lissafin cewa zai fi sauƙin kayarwa daga baya. Meijer na cikin 'yan Rifablikan goma da suka kaɗa ƙuri'ar tsige Trump a Majalisar Wakilai. Lissafin ya fita, sun ci kujerar, amma abin kunya ne. Wanda yake cewa dimokuraɗiyya na cikin haɗari bai kamata ya taya a kayar da irin mutanen da suka tare mata faɗa ba.

Ka tambayi me ya rage, Malam. Ranar 3 ga Nuwamba 2026 za a sake zaɓen kujeru 435 na Majalisar Wakilai da kusan sulusin na Dattawa. A Jojiya kujerar sakataren jiha ma tana cikin waɗanda za a zaɓa. A Oktoba 2024 wani alƙali a Atlanta ya yanke cewa tabbatar da sakamako wajibi ne a kan jami'an gunduma, ba ganin damarsu ba ne. Zan zuba ido in ga ko za a mutunta wannan hukunci idan rata ta yi kaɗan. Na kuma ba da sunana cikin masu aikin rumfar zaɓe a gundumarmu, ina jiran a kira mu horo.

A gaishe mini da Hajiya da sauran mutanen gida.

Ɗalibinka,
daga Atlanta