Wasiƙa daga Harlesden

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya kamar yadda nake. Yaya ƙafar Inna, ta samu sauƙi? A gaida Baffa da iyali gaba ɗaya.

Saƙonka ya iso a kan maganar Auta, cewa ya kafe sai an sayar da filin bayan gari ya nemi bizar ziyara, in ya shigo ya saje da jama'a. Zancen ya fi ƙarfin waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Don Allah ka zaunar da shi ka karanta masa.

Unguwar da nake, Harlesden, tana arewa maso yammacin Landan, kuma 'yan Brazil sun cika ta, haka ma maƙwabciyarta Willesden. Kana tafe za ka ga tutarsu mai kore da rawaya a tagar mahauta, masu aski da shagunan aika kuɗi gida. Fotugis suke yi, Turancin da yawansu bai kai nawa ba. Ƙidayar 2011 ta samu kusan dubu 50 haifaffun Brazil a Ingila da Wales, amma ƙiyasin gwamnatin ƙasarsu na 'yan shekarun nan ya haura dubu 200. Wasu daga baya suka zo, wasu kuwa ba sa ƙaunar a ƙirga su.

Abin da ya raba su gida biyu takarda ce. Da yawa kakanninsu daga Italiya ko Fotugal suka je Brazil, sai jikokin suka bi asali suka karɓi fasfon Turai. Kafin ƙarshen 2020, lokacin da aka daina shige da fice ba shamaki tsakanin Birtaniya da Tarayyar Turai, mai irin wannan fasfo shigowa kawai yake yi ya kama aiki. Sauran kuwa a matsayin baƙi suke shigowa, a ba su wata shida, su zarce. Wato dabarar Auta, su suka riga shi.

Akwai ɗaya a gidan da nake haya, mutumin jihar Goiás. Abinci yake kai wa mutane a babur. Tunda ba shi da izinin aiki, da sunan wani yake yi, kowane mako yana biyan mai asusun kafin ya ga nasa. Sha biyun dare yake dawowa, ruwa na tsiyaya daga rigarsa, yatsunsa sun ƙage har sai ya tsoma su a ruwan ɗumi kafin ya iya kwance takalmi. In ya hango motar jami'an shige da fice a bakin titi, ranar ya haƙura da fita. Da mahaifiyarsa ta rasu, a waya ya kalli jana'izar, a zaune kan matakalar bene, domin in ya fita ƙasar ba dawowa. Yaya, ka duba shekarun Inna, ka duba wannan.

Kuma abin ƙara tsanani yake yi. Tun Fabrairun 2024, wanda ya ɗauki marar izini aiki ana iya cin sa tarar fam dubu 45 a kan kowane mutum ɗaya. Mai gida ma sai ya duba takardarka kafin ya ba ka ɗaki. Hatta ɗan da aka haifa a nan, tun 1983 haihuwa kaɗai ba ta mai da shi ɗan ƙasa. In iyayen ba su da zama, sai ya cika shekara goma a ƙasar kafin a nema masa.

Ba na cewa duk a wahale suke. Masu takarda sun buɗe shaguna, 'ya'yansu Turawa ne sak a baki, har ranar Asabar ake kai su ajin koyon Fotugis don kada su kasa gaisawa da kakanni. Kuma suna da haɗin kai da ya burge ni: ranar 14 ga Fabrairun 2024 da masu kai abinci suka ajiye babura a kan ƙarancin kuɗin da ake biyan su, 'yan Brazil ne a gaba.

In aiki ya kai ni kudu nakan bi ta tashar jirgin ƙasa ta Stockwell. A bangonta akwai hoton Jean Charles de Menezes, mai gyaran lantarki ɗan shekara 27 daga jihar Minas Gerais. 'Yan sanda suka harbe shi a cikin jirgi ranar 22 ga Yulin 2005, makonni biyu bayan harin bam na Landan, sun ɗauka ɗan ta'adda ne. An ci rundunar tara a 2007, amma ba jami'i ko ɗaya da aka gurfanar. Har yau mutanensu ba su manta ba.

Bari in ba Inna abin dariya. Waɗannan mutane garin rogo suke ci, su soya shi da mai su barbaɗa a kan wake da shinkafa. 'Yan jihar Bahia ta Brazil kuma ƙosai suke toyawa da manja, su tsaga shi su cusa jatan lande. Ashe da dalili: an kai Hausawa bayi Bahia, har suka shirya tawaye a 1807, sannan a azumin 1835 Musulmi suka yi babban bore a birnin Salvador na Bahia, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, aka samu layu da rubutun Larabci a jikinsu.

Shawarata kada a taɓa filin. In Auta da gaske yake, ya gama karatunsa, mu nemi gurbin makaranta ko aikin da za a ɗauki nauyin bizarsa, ko da zai ɗauki lokaci. Kuɗin jarrabawar Turanci ni zan biya. Na tura na maganin Inna ta hannun da muka saba, ka sanar da ni in ya shiga. In an samu mai tahowa, a haɗo ni da kuka da daddawa, yajin kuma kada a cika masa barkono irin na wancan karon.

Wassalam,
Ƙaninka.