A kai ziyarar har Magarya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ne a unguwar Birni. Bara ɗaliban jami'ar André Salifou ta nan Damagaram suka shiga ajin ɗiyata, suka zauna benci ɗaya da yaran, suka yi musu bayanin rajistar shiga jami'a bayan BAC, wato jarrabawar gama sakandare. Yarinyar da ba ta da zance sai na aure, ran nan ta same ni bakin keke tana neman kuɗin hoton rajista! Yanzu tana shekarar farko.

Amma ɗan ƙanena na Magarya, yaro mai kai, ko ƙofar jami'a bai taɓa gani ba. Don Allah shugabannin jami'ar, a leƙa Magarya, Matamaye da Mirya kafin jarrabawar bana.

Wani uba,
Damagaram