Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2024

Assalamu alaikum 'yan uwa, mambobin ƙungiyarmu mai tsaya wa yaran da 'yan sanda suka kama.

Zan fara da kuɗin wata, domin maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Cikin masu suna a rajista, waɗanda suka biya cikakken kuɗin shekara ba su kai rabi ba. Ma'aji ya bi wasu har gida, ni kuma na yi ta tuni a WhatsApp har bakina ya gaji. Akwai wanda bai taɓa amsa saƙo ba, amma ranar da aka kama ɗan ƙaninsa da wayar mutane, ƙarfe sha ɗayan dare ya kira ni. Mun je, kuma gobe ma za mu je. Sai dai ku sani, kuɗin adaidaita sahu da abincin da ake miƙa wa yaro a bayan kanta, daga aljihun mutum uku suke fitowa tun watan azumi.

Fitar daren nan ita ce ƙashin bayan aikinmu. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, ba a tsare shi sai in babu wata hanya, kuma ta bai wa 'yan sanda damar kashe ƙaramin laifi ta hanyar sulhu ba tare da an je kotu ba. Jiharmu ta Kano ta samu tata dokar kare yara a Mayun 2023. Amma yaron da ba shi da takardar haihuwa, ba shi da babba a gefensa, da ido ake auna shekarunsa. In ya yi tsawo aka rubuta 19, ya tafi gidan gyaran hali cikin manya ke nan. Duk mun ga yaran da aka kama a zanga-zangar watan Agusta suna zubewa a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba, bayan kusan wata uku a tsare, kafin shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu.

Ganin haka ne ya sa muka shirya taron iyaye a filin firamare, kuma wallahi ban taɓa alfahari da ƙungiyar nan kamar ranar ba. Kujerun da muka yi haya sun ƙare tun kafin liman ya buɗe da addu'a, sai tabarmi aka ɗebo daga masallaci. Lauyarmu ta yi bayani da Hausa tsantsa: a kai yaro da takardar shekarunsa, kada ya sa hannu a kan komai ba babba a wurin, beli kyauta ne. Mai unguwa ya yi alkawarin zaurensa a buɗe yake don sulhu, ya kuma cika. Ma'aikatan Hukumar Ƙidaya da muka gayyato sun zauna yi wa yara rajistar haihuwa har la'asar sakaliya. Wata tsohuwa ta zo da jikokinta biyu, ta kwance bakin zaninta ta fito da katin rigakafinsu a naɗe cikin leda, ya yi baƙi, shi kaɗai ne shaidar ranar haihuwarsu. Yaron da muka yi wa sulhu a farkon shekara, wanda yanzu yake koyon gyaran babur, shi ya yi ta jera kujeru da baƙin mai a hannunsa, mahaifinsa na zaune a sahun gaba. Allah ya saka wa 'yan kwamitin mata da alheri, su suka shiga gida-gida.

Shagon koyar da ɗinki na yaran da aka sallamo bai buɗe ba, kuma na ji ana cewa shugabanni sun yi sakaci. Kekunan ɗinki biyu suna nan a ɗakin ajiya, duk mai so ya zo ya gani. Kuɗin hayar shekara ne babu, ga kuɗin mai da ya ninka komai. Ba za mu ci bashi da sunan ƙungiya ba alhali mambobi na riƙe da haƙƙinta. Ziyarar gidan ajiye yara da muka ce duk wata, rabinta muka iya. Tafiya gidan Bostal na Kakuri a Kaduna, wato gidan horar da matasa masu laifi, ita ma ta faɗi, domin ranar mutum biyu ne suka zo tasha.

Tarukan wata an yi su, ban da na lokacin dokar hana fita da aka sa saboda zanga-zangar Agusta.

Takardar masu fitar dare ta shekara mai zuwa tana hannuna, suna huɗu ne kawai a ciki. Muna buƙatar aƙalla mace ɗaya, saboda in yarinya aka kama. Wanda ake bin sa bashi ya ga ma'aji kafin taron Janairu, wanda kuma ya san ba zai iya ci gaba ba ya faɗa mana mu daina lissafi da shi.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya