Takardar Koke Kan Kwalayen Tarihi Da Ruwa Ya Jiƙa A Laburaren Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Majalisar Ƙaramar Hukumarmu, Gabashin Landan.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah Ya ƙara maka lafiya da juriyar ɗawainiyar jama'a, mu masu aikin sa-kai a sashen adana takardu na laburaren unguwa muke kawo kukanmu gabanka.

A makon jiya bututun ruwan ɗumama ɗaki ya fashe a ɗakin ƙasa, daidai kan kwalayen tarihin masu neman jinsi ɗaya na yankin nan: wasiƙu, takardun gangami, yankakkun shafukan jarida da kaset ɗin bidiyo. Sai da aka kwana biyu kafin a buɗe mana ƙofa. Jiƙaƙƙiyar takarda kuwa, cikin awa 48 zuwa 72 funfuna ke kama ta. Wani kuma, da kyakkyawar niyya dai, ya kunna hita ya shanya mujallu masu sheƙi, suka manne suka koma kamar bulo. Waɗannan sun tafi ke nan.

Mun rubuta, mun sake rubutawa, mun je zama ya fi a ƙirga kan bututun nan. Kullum "ana dubawa".

Ranka ya daɗe ya san Sashe na 28 na Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1988, wanda ya hana ƙananan hukumomi duk abin da za a kira tallata wannan rayuwa, har aka soke shi a Ingila a 2003. Shekarun nan a ƙarƙashin gado mutane suka ɓoye takardun, daga baya suka ba hukuma amana. Ba mu ce an yi da gangan ba, amma abin da ciwo.

Muna roƙo a kai jiƙaƙƙun takardun firiza yau ɗin nan, sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, kowane kundi a ledarsa, kada a ɓamɓare shafi. Waɗanda suka tsira a cire musu kilif da roba, don tsatsa da danƙo na cin takarda, a zuba su a kwalin da ba shi da asid, a kan kantar ajiya mai tazarar santimita 15 daga ƙasa. Danshin ɗaki kada ya haura kashi 60 cikin ɗari. A gyara bututun. Wasiƙun da ke ɗauke da sunayen rayayyu a rufe su bisa dokar kare bayanai.

In majalisa ba za ta iya ba, a tuntuɓi Cibiyar Bishopsgate da ke kusa da tashar Liverpool Street. Tun 1895 take aiki, kuma laburarenta ne ke riƙe da littattafan rajistar kiran waya na Switchboard, ƙungiyar da ke ba masu neman jinsi ɗaya shawara ta waya, wadda aka kafa a 1974, da tarin yankakkun jaridu na LAGNA, ma'ajiyar labaran jarida kan masu neman jinsi ɗaya. Sun san aikin.

Muna sake roƙo, Ranka ya daɗe, firizar nan kada ta kai gobe. A kuma ba mu mabuɗin ɗakin.

Mu ne masu biyayya,
Masu aikin sa-kai na sashen adana takardu.