Shirinku na daren Laraba ya kusa raba Inna da maganinta

Assalamu alaikum Edita,

Kusan rabin awa kuka bar mai tallan garin maganin nan yana cika baki a rediyo, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe, wai ruwan kemo, wato maganin daji da ake saka wa mutum ta jijiya a asibiti, shi ne ke ƙarasa majinyaci. Mai gabatar da shirin bai ce masa uffan ba, sai ma "Malam, a maimaita mana lambar waya." To ku sani, a ɗakinmu akwai wadda ta kasa kunne tana jinku.

Inna ce, mahaifiyata. Sankarar mama gare ta, an yi aiki an cire, yanzu ta yi kemo uku cikin shida da likita ya rubuta. Duk bayan kwana 21 nake ɗauko ta daga Kumo mu shigo Gombe da sassafe. Sai an ɗebi jini an duba tukuna. In ya yi ƙasa a ce mu dawo wani mako, kuɗin mota ya tafi a banza. Ranar da aka fara saka mata jan ruwan nan fitsarinta ya koma ja, ta riƙe hannuna tana salati, ta zaci jini ne. Wata nas, Allah Ya saka mata, ta ce launin maganin ne, zai wuce. Ya kuwa wuce. A mako na uku ƙanwata na taje mata kai, sai ga gashi dam a mataji. Ta ɓoye shi a haɓar zani, ta fita bayan ɗaki ta yi kukanta. Baki duk miki, tuwo ba ya wucewa, sai kunun gyaɗa da ya huce, da cokali, shi ma rabin kofi. Ko ƙamshin suyar albasa daga maƙwabta amai yake sa ta.

Mai irin wannan hali kuka jiyar da waccan magana. Gari na wayewa ta ce ita da asibiti har abada. Kafin azahar Goggo ta iso da ƙullin garin magani, Kawu yana cewa ai a rediyo aka faɗa. Na durƙusa ina ba ta haƙuri, ta dube ni ta ce, "Kai ma so kake su ƙarasa ni?" Ni da na sayar da babur ɗina saboda wannan jinya! Kwana biyu ko ruwa ba ta karɓa daga hannuna ba.

Da ƙyar ta yarda muka koma, likita ya zaunar da ita. Ya ce maganin yana bin duk ƙwayar jiki da ke saurin hayayyafa ne, shi ya sa gashi da fatar baki da ɓargo ke shan wahala tare da cutar, kuma gashin zai fito in an gama. Bayanin minti biyar ne, Edita. Me ya hana ku kira likita ya zauna kusa da mutuminku? Ko don likita ba ya biyan kuɗin fili? Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya na Gombe a hancinku, yana cikin waɗanda aka zaɓa don asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya da aka fara a 2021, na sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. A bakin wata mai zaman jinya na ji wannan, ban taɓa ji a tasharku ba. Sai 4 ga Fabrairu ta zagayo ku karanta jawabin ranar ciwon daji ta duniya, ku koma tallan garin magani.

Sannan ku duba injinku. A nan Kumo ana tsakiyar labaran yamma sai murya ta ɗauke, amma ban taɓa jin ta ɗauke lokacin talla ba.

Naku,
Mai sauraro daga Kumo, Jihar Gombe